Rayuwata a Gareji, Kashi na 17: Hilux ta Ƙi Jan Tirela

Makon jiya mun tsaya a lokacin da aikin a-kori-kura ya fara yawa a garejinmu na Gombe. Wannan makon zan ajiye labarin kaina a gefe, domin abin da ya biyo baya ba ya fahimtuwa sai an san aikin da kansa: yadda ake sa Hilux ta ja tirela mai nauyi ba tare da an kashe injinta ba.

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne kullum. Mai mota zai zo ya ce, "Oga, motar nan ta mutu. Na ɗaura mata tankin ruwa, daga Kumo zuwa Billiri sai da na koma giya biyu. A buɗe mata wuta." Buɗe wuta a bakinsa yana nufin a ƙara mata mai. Kafin a amsa masa, bakanike ya sunkuya ya karanta lambar da ke jikin taya.

Hilux da yawa suna zuwa da taya 265/65R17, wadda tsayinta ya kai kusan inci 30.6. Sai mai ita ya ga ta wani ta fi kwarjini, ya je ya sa 285/75R16, mai inci 32.8. Ya ƙara tsayin taya da kusan kashi 7 cikin ɗari, wato ya rage wa motar ƙarfin ja da kusan wannan adadin a kowace giya, tun daga ta ɗaya har ta biyar. Injin lafiyarsa ƙalau. An dai tsawaita sandar da ƙasa ke riƙe shi da ita ne. Idan babu kaya ba za a ji ba. A ɗaura tirela da tankin lita 1,000, wanda ruwansa kaɗai tan ɗaya ne, nan take za ta tona asiri.

Maganin yana cikin aksul. A can akwai babban faranti mai haƙora da ƙaramin kai mai juya shi, waɗanda muke kira kirawun da finiyon. A ƙirga haƙoran babban a raba da na ƙaramin. Haƙora 43 da 11 suna ba da 3.91. Idan 41 da 10 ne, 4.10 ke nan. 43 da 10 kuma 4.30, 41 da 9 su ne 4.56, sai 39 da 8 masu ba da 4.88. Lambar tana faɗin sau nawa farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, za ta juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Duk yadda lambar ta ƙaru, ƙarfin ja yana ƙaruwa, gudu yana raguwa.

Ba sai an kwance aksul ba kafin a san wanne ke ciki. A sa giya a firi, a tokare tayoyin gaba da dutse, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak. A yi alama da alli a jikin farfela da jikin tayar. A juya tayar sau biyu cif, yaro yana ƙasa yana ƙirga juyin farfela. Juyi huɗu da ɗan ɗoriya, 4.10 ne. Huɗu da rabi da kaɗan, 4.56. Idan tayar ta ƙi juyuwa cikin sauƙi, aksul ɗin mai kama ƙafa biyu ne, to sai a ɗaga duka biyun a juya su tare sau ɗaya kawai.

Lissafin sabon kirawun ba shi da wahala: tsohuwar lamba, a ninka da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. Wanda yake da 4.10 ya koma babbar tayar da na ambata, lissafi zai ba shi kusan 4.39. Wannan zai mayar da motar yadda kamfani ya yi ta ne kawai. Mai jan kaya kullum sai ya haura zuwa 4.56. Wanda bai canza taya ba kuwa, tashi daga 4.10 zuwa 4.56 yana ƙara masa kusan kashi 11 cikin ɗari na ƙarfi a ƙafa. Amma ba kyauta ba ne. A gudun kilomita 80 da giya huɗu, injin da ke juyi kusan 2,240 a minti zai koma kusan 2,490. Ranar da ya fita ba kaya zuwa Bauchi zai ji ƙara, zai kuma ji a aljihu. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar 4.88 sai wanda tayarsa ta yi girma ƙwarai ko aikinsa duk a hanyar gona ne. Ni a ganina ma, mafi arhar gyara shi ne a cire babbar tayar a mayar da ta asali, sai dai ba kasafai masu mota ke son jin wannan ba.

Motar da ke da ogzilari, wato mai iya ja da ƙafa huɗu, dole a canza gaba da baya tare, lamba ɗaya. Aka sa 4.56 a baya aka bar 4.10 a gaba, ranar da aka shiga ogzilari ƙafafun gaba za su nemi gudun da na baya ba sa yi, sai abin da ya fi rauni a tsakaninsu ya karye. Wannan kuskure yana yawan faruwa idan an sayo aksul ɗan kwatano sukutum aka ɗaura ba a ƙirga ba.

Ɗaurin kirawun shi ne inda ake gane gwani. Kirawun da finiyon tagwaye ne, tare aka goge su a masana'anta, ba a haɗa na wannan da na wancan. Boris sabo, sil sabo, da sabon zoben nan mai lotsewa da ke tsakanin boris biyu na finiyon, domin tsohon ya riga ya lotse ba zai sake riƙe matsi ba. Wasan da ke tsakanin haƙora a aksul ɗin Toyota mai inci 8 yana tsakanin milimita 0.13 da 0.18, kuma da agogon awo ake duba shi, ba da yatsa ba. Daga nan a shafa launi a haƙora huɗu ko biyar, a juya gaba a juya baya, a duba inda launin ya goge. Ana so shaidar ta fito a tsakiyar haƙori. Ta fito can sama a baki, finiyon ya yi nisa, a ƙara masa siririn zoben ƙarfe ta baya. Ta nutse can gindi, ya shiga da yawa, a rage. Wanda ya tsallake wannan mataki, motar za ta fito tana kuka kamar jiniya, kuma kukan aksul ba ya warkewa da canjin mai.

Sabon kirawun yana son lallashi. Tafiyar farko kada ta wuce kilomita 25 zuwa 30, a tsaya ya huce. Kilomita 800 na farko babu tirela. Bayan nan a zubar da man, za a ga ɗan garin ƙarfe manne a maganaɗisun noti, a zuba sabon man aksul mai lamba GL-5, 80W-90 ko 85W-140 ga mai jan nauyi a zafin Maris da Afrilu. Aksul mai kama ƙafa biyu yana da irin nasa man.

Yanzu sai injin. Kafin a taɓa ƙwaƙwalwar mota a fara dawo da dawakan da suka ɓace. Filtar iska da ta sha ƙurar hunturu, filtar mai da ta cika da ruwa da dattin gas ɗin bakin hanya, bututun shigar iska da baƙin toka ya toshe rabinsa, robar turbo da ta tsage tana fitar da iska, nozul masu ɗiga maimakon feshi. Sau da yawa idan aka gyara waɗannan, mai motar da kansa zai ce a bar ta haka.

Sannan a san irin injin. Mai fetur 2TR, lita 2.7, ƙarfin murɗawarsa kusan 240 Nm ne, kuma sai ya kai juyi 3,800 yake ba da shi duka. Babu turbo, don haka kwamfuta ba ta da abin da za ta ƙara masa sai ɗan kaɗan. Shi giya yake so, a bar shi ya yi kuka a giya uku a kan tudu, haka aka ƙera shi. Mai gas 5L shi ma babu turbo. Aka murɗa masa famfo aka ƙara mai ba a ƙara iska ba, hayaƙi da zafi kawai za a samu. Irin waɗannan injina suna rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsu a kowace mita 300 ta hawa, shi ya sa motar da ta ja lafiya daga Alkaleri zuwa Bauchi take sanyi idan ta wuce Toro ta nufi Jos.

Masu turbo, wato injinan gas 2KD da 1KD, su ne ke karɓar gyaran kwamfuta. 1KD mai lita 3.0 yana ba da 343 Nm tun daga ƙananan juyi, kuma ana iya ƙara masa. Haɗarin shi ne zafin hayaƙi. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a wajen digiri 660. Abin da ke ceton fistin shi ne man da ke fesa masa ta ƙasa da iskar da ke shigowa bayan kowace wuta. Idan aka daɗe a kan tudu, totur a ƙasa, giya ta yi sama, juyi ya faɗi, mai yana shiga iska ba ta isa, zafin yana taruwa har kan fistin ya tsage. Allurar zafin ruwa ba za ta nuna komai ba sai an makara. Don haka duk wanda zai ƙara mai ya fara sa agogon zafin hayaƙi, a huda masa gurbi kafin turbo. Ya ga ya doshi 650 ya zauna, ya sauko giya ɗaya. Juyi zai tashi, iska ta ƙaru, allura ta sauka. Ƙananan akwatunan nan da ake jonawa a waya, yawancinsu yaudarar ƙwaƙwalwa suke yi don famfo ya ƙara matsi. Motar za ta yi tsalle a cikin gari, nozul da famfo ne za su biya bashin. Ƙarin kashi 10 zuwa 15 da aka yi ana kallon agogo ya wadatar. Baƙin hayaƙi kuwa gas ne da aka saya da tsada yana fita ta salansa bai ƙone ba.

Wani abu da ya zama mana al'ada a nan shi ne cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, da sunan maganin zafi. Kuskure ne. A wanke lagireto ciki da waje, a duba kan fanka ko yana kamawa idan injin ya yi zafi, a zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya maimakon ruwan rijiya mai barin farar ƙasa a bututu.

Ƙarin ƙarfi yana bin hanya ne, kuma kuloci ne farkon wanda zai gamu da shi. A gwada a giya huɗu a gudun kilomita 50, a taka totur ƙasa. Juyi ya tashi gudu bai biyo ba, faifan ya gama. Mai otomatik ya sa ƙaramin lagireto na man giya, domin man yana saurin lalacewa idan ya haura digiri 120, kuma ya kashe giyar ƙarshe idan yana ja, kada giyabos ya yi ta hawa da sauka.

Duk wannan bai ƙara wa birki ko shasi komai ba. Tirelar da ta wuce kilo 750 da kayanta tana bukatar birkin kanta. Kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinta ya kamata ya zauna a kan ƙugiya. Aka loda buhunan masara daga Tudun Hatsi aka tura su can baya, ƙugiya ta yi sako-sako, tirela za ta fara kaɗa wutsiya da zarar gudu ya ƙaru, ta ja bayan motar da ita. A gangare kuma giyar da aka hau da ita ce ake sauka da ita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga ranar da aka jawo mana wata 1KD daga hanyar Dadin Kowa, fistin na uku da rami a kansa, mai ita yana rantsuwa allurar zafi ba ta motsa ba.