Mun iso Sénanque an riga an yanke furen

Har yau in na buɗe hotunan tafiyar nan sai raina ya sosu. Shekara biyu uwargida na ajiye da wani hoto a wayarta: tsohon ginin dutse a cikin kwari, gabansa kunya-kunya na furen lafanda, shunayya iya ganinka. Gidan 'yan zuhudun Kirista ne na Sénanque, a yankin Luberon da ke kudancin Faransa, an kafa shi tun 1148. Na yi alkawarin zan kai ta, na kuwa kai ta ranar 12 ga Agusta. Muna gangarowa daga garin Gordes da ke kusa ta wata siririyar hanya da ke manne da jikin dutse, sai ga gonar an yi mata aski. Babu komai sai kututture masu ruwan toka.

Laifina ne, ba na kowa ba. Ranar hutun aiki na duba, ban duba lokacin furen ba. Daga ƙarshen Yuni lafanda take buɗewa, ta cika a Yuli, sai a yanke a kai wurin tatsar mai. Agusta kuwa watan hutun Faransawa ne gaba ɗaya, saboda haka ɗakin kwana da motar da muka ɗauko haya daga Avignon duka da tsada muka biya su, don mu zo mu kalli gona bayan girbi. Uwargida ta shiga kantin gidan ta sayo zuma da sabulu, ta ce: "Abban yara, ba komai, ƙamshin ma ya isa." Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, matar da ke kantin ta ce da mun haura garin Sault, inda ƙasa ta fi tudu da sanyi, furen can yakan jinkirta, har ma ranar 15 ga Agusta suke bikinsa. Mu kuma tikitin jirgin ƙasanmu na 14 ne, irin mai arahar nan da ba a canzawa, ga sauran kwanakin duk na riga na biya ɗaki a wani gefen.

Gordes kanta ba ta da laifi. Gidajen dutse ne wani bisa wani har zuwa tsohuwar fadar da ke ƙololuwa, lunguna shimfiɗe da duwatsu masu santsi, ƙasa kuma gonakin inabi da zaitun. Kar a shiga da silifa. A kuma ci abincin rana kafin ƙarfe biyu, don daga nan yawancin gidajen abinci sun rufe kicin sai dare. Mu ba ma shan giya, amma a wata gona mun sami ruwan inabi zalla wanda bai tsima ba, muka sayi kwalba uku.

Roussillon ce ta ɗan wanke mana zuciya. Garin zaune yake a kan ƙasa mai launi, ja da rawaya da ruwan goro, wadda aka daɗe ana haƙa don yin fenti, da ita kuma aka shafe gidajen. Da yamma rana ta bugi bangon, uwargida ta tsaya ta ce kamar tana cikin Birni a Damagaram. Akwai hanyar ƙafa da ke ratsa tsoffin ramukan haƙar. Farin takalmina na shiga da shi, har yanzu ja ne.

Amma ko a can, kowane kanti ka leƙa ga katin hoton Sénanque cikin fure an jera a bakin ƙofa. Na ga uwargida ta ɗauki ɗaya, ta dube shi, ta mayar. Hutun baɗi tuni na rubuta takarda na nemi makon farko na Yuli, in Allah ya kai mu.