Laraba: kwalin katunan FORTRAN

Aikin yau duk a kan kwali ɗaya ya ƙare, na wani tsohon mai rubuta manhaja da iyalansa suka bayar don a adana. A ciki akwai littattafan jagora na kamfanin kwamfuta na IBM a fayil mai zobe, da doguwar takardar firinta mai ratsin kore, sai akwatin katuna masu huji da a da ake shigar da manhaja cikin kwamfuta da su, irin wanda yake ɗaukar kati 2,000. Kafin na fitar da komai sai da na ɗauki hoton kwalin yadda ya zo. Yadda mai kaya ya jera kayansa shi ma shaida ne, in an wargaza ba ya dawowa.

Katunan ne suka cinye safiyar. Irin na IBM ne da aka fito da shi a 1928, gurbi 80 a tsaye, layi 12 a kwance, kowane kati layi ɗaya na manhaja. A FORTRAN, wani harshen rubuta manhaja, gurbi na 1 zuwa 5 na lambar umarni ne, na 6 alamar ci gaba, 7 zuwa 72 umarnin kansa. Takwas ɗin ƙarshe kwamfutar IBM 704 ba ta karanta su, shi ya sa masu lura a wancan zamanin suke buga lambar jeri a wurin, ko da katunan sun zube a ƙasa injin tantancewa ya mayar da su. Wannan bawan Allah bai buga ba. Abin da ya yi kawai, ya ja layi a karkace da baƙin alƙalami a saman damin, kuma layin nan kaɗai ke nuna cewa jerin bai rikice ba. A wuri ɗaya layin ya karye, katuna kaɗan sun fi sauran haske: gyara ne da ya sa daga baya. Na bar su a inda suke.

Robar da aka ɗaure damin da ita ta bushe ta manne a katin farko da na ƙarshe. Ba a sa mata ruwa, katin zai kumbura ya lanƙwashe. Da bakin ƙarfe marar kaifi ake ɓanɓare ta a hankali, tabon kuma a haƙura da shi. Wajen ɗaukar hoto a sikana, a sa baƙar takarda a bayan katin don ramukan su fito sosai, a ba kowane hoto lamba bisa matsayinsa a damin. Tsohon injin karanta kati kuwa, ban yarda a ba shi katin da ya shekara 50 ba sai an gama hoton, don in ya cije ɗaya ya yage, shi ke nan.

Littattafan jagora ba su da wahala. Kowanne yana da lambar bugu a bango, sai a duba Bitsavers, rumbun tsofaffin takardun kwamfuta a intanet da Al Kossow yake kula da shi, sau da yawa an riga an ɗauke shi. Abin da ya fi daraja shi ne shafukan gyara da IBM take aikowa a wancan lokacin, masu ɗan layi a gefe da ke nuna wurin da aka sauya. Umarnin kamfani shi ne a cire tsohon shafi a yar. Mai kayan kuwa ya ajiye nasa a bayan fayil, da rubutun fensir a kai. Waɗannan na ɗauka da launi, ɗigo 600 a inci, a tsarin ajiye hoto na TIFF.

Fayil ɗin kansa an raba shi da takardun. Bangon leda ne, sinadarin da ke sa shi laushi yana jan tawadar fotokwafi, har shafin farko ya bar rubutunsa a jikinsa. Filoli da allurar sitefula masu tsatsa duk sun fita, takardun sun koma jakunkuna marasa asid. Salatif ɗin da ya zama ruwan ƙasa ban taɓa ba, aikin mai gyaran takardu ne.

Ɗakin ajiya yana kan digiri 18, laima kashi 40 cikin ɗari. Daga kashi 65 zuwa sama fumfuna take kamawa, kuma takardar firintar da ke ƙasan kwalin tana da warinta. Na ware ta a wani ɗaki ta bushe. Gobe za a share ta da buroshi mai laushi, da takunkumi a fuska, sannan a gwada ta da katunan layi bayan layi a ga ko manhaja ɗaya ce.