Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Maza Uku a Gidan Tsofaffi

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin wucin gadi a wani gidan tsofaffi a Fukuoka, ƙasar Japan. Ranar farko da aka shiga da ni ɗakin cin abinci na ƙirga da ido: tebur shida, maza uku kacal. Sauran duk mata, wasu sun tanƙware kamar lauje, amma baki bai mutu ba, hira suke kamar a gidan suna. Nan take maganar Goggo ta faɗo mini: "Namiji ba ya tsufa, karyewa yake yi." Da ina yaro na ɗauka habaici take wa Baffa.

Na tambayi wadda take koya mini aiki, ina mazan? Ta yi dariya. A ƙasarsu, galibi mace takan kai shekara 87, namiji 81, kuma cikin masu shekara ɗari, da yanzu sun haura dubu 90, kusan tara cikin goma mata ne. Kane Tanaka ma, da ta rasu a 2022 tana da shekara 119, 'yar yankinsu ce. Mai koya mini aikin ta ce mazan wancan zamani taba ce ta ci su, don a shekarun 1960 takwas cikin goma suna busawa. Ga giya, ga ofis har dare.

Ɗaya cikin ukun ni nake ba shi abinci. Yatsunsa biyu sun yi rawaya. Shekara 40 a kamfani ɗaya, bai san sunan maƙwabcinsa ba. Irinsu ake ce wa nure ochiba, jiƙaƙƙen ganye mai manne wa takalmi, don in sun yi ritaya matar kawai suke bi. Tasa ta riga shi. Cokali uku, sai ya kau da kai.

Haka Baffa ya yi bayan Inna, wata huɗu kacal. Masu cewa ban zo jana'iza ba, kuɗin asibiti dai na turo sau biyu, kuma sun san aljihun da ya shiga. Ba zan kama suna ba tukuna.

Goggo kuwa ta yi takaba biyu, har yau ita ke tsinke zogalenta. Da na ba ta labarin tsohon a waya, cewa ta yi, "To, ya karye ko?" Bai kai bazara ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zancen biza.