Asabar a Loango

Asabar, 17 ga Agusta. Sai bayan isha'i na samu zama, har yanzu jikina bai daina jin kaɗawar jirgi ba.

Shekarata tara ina kasuwanci a Fatakwal ɗin Gabon, wato Port-Gentil, ban taɓa leƙa gandun dajin Loango ba sai da ɗan yayana ya matsa. Loango yana cikin gandaye 13 da marigayi shugaban Gabon Omar Bongo ya keɓe a 2002.

Da hantsi muka fita teku daga bakin tafkin Iguela. Mun fi awa ɗaya ba komai sai igiyar ruwa da tashin zuciya. Can yaron ya damƙe hannuna: "Baffa, ga hayaƙi!" Ashe numfashi ne. Kifin wel ne mai doro, ya feso iska sama da ƙara kamar an sassauta bakin babbar taya. Baƙin bayansa ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, kamar ba zai ƙare ba, sannan jelar ta ɗago, ƙasanta fari, ruwa na tsiyaya, ta nutse a hankali. Kusa da uwar ga ɗanta yana binta. Mai jirgin ya ce tun daga tekun ƙanƙara na Antatika suke zuwa haihuwa a ruwan ɗumi, daga Yuli zuwa wajen Satumba, kuma da kitsen jikinsu suke rayuwa a watannin nan. Muna ce masa kifi, alhali da huhu yake numfashi, nono yake shayarwa. Babbansu ya kai mita 15. Ƙissar Annabi Yunusa, alaihis salam, da muka ji tun muna makarantar allo, yau ta zauna mini daban. Tasbihi kawai nake yi.

Da yamma muka hau kogin Ngowe. Mun ga ɓauna jajaye ƙanana, da giwa ɗaya tsaye cikin fadama. Kada kuwa, da na wuce shi. Yana kwance a kan itacen da ya faɗi cikin ruwa, baki siriri dogo, ba irin na kogunanmu ba, launinsa sak na ɓawon itacen. Sai da idonsa ya motsa na janye hannuna daga gefen jirgi.

Yaro ya yi barci da waya a hannu. Hotunan da ya ɗauka duk ruwa ne, sai ɗaya da ya kama rabin jelar.