Shuɗin Picasso da shuɗin Grillo

A ajin tarihin zane akan fara da cewa launi na magana: ja zafin rai, rawaya fara'a, shuɗi baƙin ciki. Misalin da aka fi kawowa Picasso ne, mai zane ɗan ƙasar Sifen. Bayan abokinsa Casagemas ya kashe kansa a Faris a 1901, ya duƙufa yana zana mabarata da makafi cikin shuɗi har zuwa 1904. Zanensa na wani tsoho mai kaɗa gita ya ishe mu shaida: tsohon ya harɗe ƙafafu, wuya ya lanƙwashe, riga ta yage a kafaɗa, yatsu dogaye ba tsoka. Gitar kaɗai ce ruwan ƙasa, ita ce ɗan abin da ya rage masa.

Zanen Yusuf Grillo ne ya sauya mini karatun. Ɗan Legas ne, ya yi karatu a Zariya, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya. Shi ma shuɗi da shunayya ne makamansa, shi ma yana ja wa mutanensa tsawo. Amma matan da ya zana ba sa cikin makoki. Wuyansu a miƙe yake, gwaggwaro ya zauna daram a ka, fuska a taƙaice, wani lokaci da ƙyar za ka ga ido. Shuɗin nasa yana tuna wa mai kallo adire, rinin baba na matan Yarbawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata ya ga an bugo ƙyalle yana walƙiya ya san wannan launi na ado ne da mutunci.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne in fara duba jiki kafin launi. Ina kafaɗa ta karkata? Hannu a sake yake ko a dunƙule? Me mai zane ya ƙara wa tsawo da gangan, me ya shafe? Shafe fuskar nan na Grillo yana taɓa ni ƙwarai, domin matar takan zama ta kowa, ka ga innarka a cikinta. Sai bayan wannan nake tambayar inda mai zanen ya samo launinsa, da abin da mutanen garinsu ke yi da shi ranar biki da ranar zaman makoki.