Abin da injin tsaga katako ya koya mini

Shekarata ta farko a shagon kafinta ko kusa da inji ba a bari na je ba. Shara, rakiyar amalanke a kwaso katako daga Na'ibawa, miƙa ƙusa, aikina ke nan. Maigidanmu yatsu huɗu gare shi a hannun hagu, kuma bai taɓa ba mu labarin na biyar ɗin ba. In yaro ya faye rawar kai a gaban inji, hannun kawai yake ɗaga masa.

Da aka fara sakar mini injin, idona kullum yana kan haƙoran zarton da ke gabana. Ashe muguntar tana baya. Haƙoran gaba ƙasa suke danne katako, na baya kuwa sama suke tasowa. In katakon ɗanye ne ko murɗaɗɗe, sai tsagar ta rufe ta matse faifan zarton, haƙoran baya su sure shi su wurgo maka. Faifan da ke juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti ɗaya ba ya jiran ka kauce. Ni guntun malaina ne ya same ni a ƙugu, na kwana uku ina sallah a zaune. Akwai wani siririn ƙarfe da ake ɗaurawa a bayan faifan don ya hana tsagar rufewa. Namu an kwance shi tun kafin zuwana, wai yana ɓata lokaci. Ranar maigida ya tono shi daga akwatin tarkace ya mayar.

"Kai, daga yau a gefe za ka riƙa tsayawa, ba saitin zarto ba," in ji shi. "In katako ya kusa ƙarewa, da sanda ake tura shi. Sanda ba ta da jini."

Abin da ya fi tsorata ni kuwa, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta, kowa ya watse shan iska, ba wanda ya tuna da makunni. Wani ɗan uwana almajirin aiki ya sa hannu yana kwashe garin katako daga gindin faifan. Ya janye hannun ke nan zai share gumi, aka kawo wuta, inji ya tashi da kansa. Muka tsaya cirko-cirko muna kallon juna. Akwai makunnin da ke kashe kansa da zarar wuta ta ɗauke, sai ka sake danna shi sannan inji ya tashi, kuma a ganina shagon da ke fama da wutarmu bai kamata ya rasa shi ba. Kafin mu samu, doka ta zama a zare waya daga bango kafin a taɓa zarto.

Maganar sutura ba ta da tsawo: hannun riga a naɗe, ba safar hannu, ba zobe, carbi a aljihu.

Ƙura ce na daɗe ina rainawa. Mukan fyace majina ja wur bayan aikin maɗaci mu yi dariya. Daga baya na san cewa tun 1995 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, musamman na cikin hanci. Ƙurar iroko kuma tana tayar da asma. Takunkumi da zafin Kano azaba ne, amma ina sawa, har da abin toshe kunne in za a tayar da injin goge katako, wanda ƙararsa kan kai 100 a ma'aunin ƙara na decibel alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa. Shekaranjiya na leƙa gaida maigida, sai da na yi sallama sau uku kafin ya waiwayo.