Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Muryar da Ba a Yi wa Gardama

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda kamfani ya sa ni cikin masu jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda, ina mataimakin matuƙi a kujerar dama.

Sai ka shiga sararin Jidda ana dab da Hajji za ka san akwai cunkoso a sama. Tun daga Bahar Maliya rediyo ba ya numfasawa. Ga na Indonesiya, ga na Pakistan, ga na Turkiyya, ga mu 'yan Afirka ta Yamma, kowa da irin Turancinsa, kowa yana neman izinin sauka. Mu kuma mun kwaso gajiya, don hanyarmu ta ratsa Chadi da Sudan, inda wurare da dama ba rada a lokacin. Can kowane jirgi shi ke shelanta kansa a mita 126.9: ni ne wane, ga tsayin da nake, zan kai wuri kaza da ƙarfe kaza.

Bayan kunne da ido, abin da ya rage mana shi ne na'urar TCAS, mai gargaɗin karo da wani jirgi. Aikinta tambayar jiragen da ke kusa inda suke da tsayinsu, sai ta lissafa daƙiƙa nawa suka rage a haɗu. In saura kamar daƙiƙa 40, ɗigon jirgin a allo ya koma ruwan ɗorawa, murya ta ce "Traffic, traffic." A nan dubawa kawai ake yi, ba a taɓa komai. In abin ya matso, ɗigon ya koma ja, ta ba da umarni: hau, ko sauka. Kafin ta buɗe baki ta riga ta daidaita da 'yar'uwarta da ke ɗaya jirgin, wannan ya yi sama, wancan ya yi ƙasa. Daƙiƙa 5 aka ba matuƙi ya fara bi. Ba ta taɓa cewa a yi dama ko hagu.

Wannan ƙa'ida da rayuka aka saye ta. Ranar 7 ga Nuwamba 1996, Boeing 727 na kamfanin ADC ya taso daga Fatakwal zuwa Legas, na'urarsa ta yi gargaɗi, matuƙan suka karkata don kauce wa jirgin da ke tafe, karkatar ta wuce kima, jirgi ya ƙwace musu ya faɗa ruwan Ejirin. Mutum 144 suka rasu, har da masanin kimiyyar siyasa Farfesa Claude Ake. Amma wanda malamanmu ba sa gajiya da maimaitawa shi ne na daren 1 ga Yuli 2002 a saman Uberlingen, kudancin Jamus. Tupolev na Rasha cike da 'yan makaranta za su hutu Barcelona, da Boeing 757 na dakon kaya na DHL, duka a ƙafa 36,000. Jami'in zirga-zirgar jiragen sama da ke kula da su daga Zurich shi kaɗai ne a bakin aiki, ya ce wa na Rasha ya sauka, na'urarsu kuwa ta ce su hau. Suka bi mutum. Na DHL ya bi na'urarsa ya sauka. Suka haɗu, mutum 71, ba wanda ya fita. Ni dai ban taɓa iya ganin baƙin matuƙan Rashan nan ba. Wa aka yi wa tarbiyyar bin akwati a bar maganar ɗan Adam? Bayan nan ne hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fayyace doka: in na'ura da jami'i suka saɓa, na'ura ake bi.

To, ga daren namu. Kyaftin ɗina dattijo ne, ya gama kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tun ina firamare, ba ya kirana sai "yaro". Ni ke tuƙi. An sauko da mu an tsayar a wani tsayi, alhazai sun ɗaura harami, talbiyya tana shigowa ta ƙofa. Sai "Traffic, traffic." Kyaftin ya leƙa tagarsa ta hagu, ya hango fitilu.

"Na gan shi, yaro. Ga shi can, da nisa."

Bai rufe baki ba muryar ta canza: "Climb, climb." Na kashe matuƙin atomatik, na ɗaga hancin jirgi a hankali har allurar da ke nuna saurin hawa ta shiga kore, inda na'urar ke so. Ba fizga ake yi ba, mai shan shayi a baya ma da wuya ya zubar.

"Ranka ya daɗe, ina hawa," na ce.

A gidanmu ba a tsallake maganar babba, kuma na ji nauyin abin har ƙashina. Shi kuwa bai ko kalle ni ba, ya danna rediyo ya ce wa jami'i "TCAS RA," wato umarnin na'ura muke bi. Daga can aka amsa, aka yi shiru, don doka ta hana jami'i ba da wani umarni har sai an rabu. Sai ga jirgi ya ɓullo ta dama, ya wuce ta ƙarƙashinmu. Fitilun da Kyaftin ya gani na wani jirgin ne daban. Murya ta ce "Clear of conflict," wato haɗari ya wuce, na koma tsayinmu.

Da muka sauka ya miƙo mini takardar rahoto ya ce, "Cike, ni in sa hannu. Ido yana ƙarya da dare."

Daga baya muka ji ba wanda ya yi laifi. An ba wancan jirgin izinin hawa ya tsaya ƙafa 1,000 ƙasa da mu, kuma da ya tsaya ɗin. Hawan ne ya yi da ƙarfi, na'ura kuwa ba ta san abin da ke zuciyar matuƙi ba, gudu kawai take gani. Shi ya sa ake so a ƙafa 1,000 na ƙarshe a rage hawa zuwa ƙafa 1,500 a minti ko ƙasa da haka. Na sha jin abokan aiki suna kiran irin wannan gargaɗi ihu banza, na sha musu da su a kai, don ba a sanin banza ne sai an wuce.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin kwaso alhazai, da rigimar da muka sha kan nauyin kaya da jarkokin Zamzam.